Sandar Surukina Tana Bangon Bariki

Ina Bader Goula muna yi wa shanu allura labarin ya iske ni. Da hantsi ne. Mun kayar da wani bijimi, ina durƙushe a gefen wuyansa, sai na ga raƙumi ya tsaya a bakin shinge. Baffan matata ne a kai, ƙanen surukina. Ko sauka bai yi ba.

Ya ce, "Mai allura, in ka gama da wanga ka wanke hannunka. Tsoho ya riga mu."

Na ƙarasa allurar, don ba a barin bijimi a ɗaure. Aka sake shi, ya tashi yana huci. Sannan na tambayi Baffa yaushe. Ya ce kwana biyu ke nan, bayan la'asar, kuma an kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Na ce ƙugun nan da ya karye ne? Ya ce ƙugun ne. Muka kama hanya.

Ƙauyen surukaina yana kudu da Dakoro, wajen Ɗan Gulbi. Mun iske zaman makoki bai watse ba. Gindin aduwar da Tsoho, surukina, yake zama ya cika da manoma da Fulani da Buzaye, har da waɗanda na san rabonsu da gidan tun kafin ya kwanta. Tabarmarsa na shimfiɗe, ba kowa a kai. Abin da ya fara kawo mini hawaye sanduna ne. Ba wanda ya ce a yi, amma duk wanda ya zo sai ya aje sandarsa a bakin tabarmar kafin ya zauna, har suka yi tsibi. Tasa ce kaɗai babu.

Liman ya ce Allah ya jiƙan shi, mutum ne mai haƙuri. Baffa ya karkato wajena ya ce a hankali, "Haƙuri? Liman bai taɓa kiwo da shi ba." Wani daga baya ya ce taurin kai ne ya kashe shi, da ya yarda ya dogara ko da kara ne da bai faɗi ba. Na waiwaya na ga mai maganar. Mutum ne da ya sha furar gidan nan shekara da shekaru, amma da wahala ta zo har hanya ya sake, don kada gardi, dogaran bariki, su gan shi a ƙofar.

Muna zaune sai ga tafintan bariki bisa doki, gardi ɗaya na biye da shi. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce kumandan, Baturen Faransi mai mulkin Dakoro, ya ce a gaya mana Faransi ta yi rashin aboki. Gardin ya dire kan sukari a naɗe cikin shuɗiyar takarda. Surukata tana takaba a bayan zana, ba a ko jin tarinta, amma a nan muryarta ta fito sarai.

Ta ce, "A gaya wa tafinta na farkon yana nan cikin ɗaki, ba a taɓa shi ba. In da wuri cikin jakarshi, shi haɗa su shi maida."

Tafinta ya yi dariya kamar an yi masa wasa. Mutum uku suka tashi suka raka shi har wurin dokinsa, suna yi masa godiya a madadinmu. Kafin la'asar wani ya fasa sukarin an zuba a shayi. Ban sha ba. Abin da na gani ranar nan shi ya sa na zauna rubutu, don na ga tun makoki bai watse ba an fara sake masa labari.

Surukina ba hakimi ba ne, ba alƙali ba ne, ba wanda ya naɗa masa rawani. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar ƙauyen, shi kuma ya gaji kula da layinta. A ƙasarmu rijiya na da zurfin da mutum ɗaya ba ya shayar da garke. Sai wani ya kora takarkari da igiya, wani ya tari guga a baki, wani ya tsare dabbobi kada su turmushe kwami. Daga rabon layin ruwa ne mutane suka fara kawo masa sauran rigimarsu: ɓarnar gona, toshe burtali, akuyar da ta ɓata aka gan ta a garken wani.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya sauraron magana sai masu rigimar duka biyu sun aje sandunansu a gabansa. Wanda ya aje ya yarda ke nan da abin da za a yanke, kuma ba ya ɗauka sai an gama, ko za a kai mako. In mutum ya tsaya riƙe da tasa yana ta zuba, Tsoho sai ya ci gaba da tufkar igiyarsa. In mutumin ya gaji ya ce, "Baba, ba ka ji ni ba ne?" sai ya ce, "Na ji hayaniya. Kai dai ba ka iso ba tukuna."

Da yake ni surukinsa ne, bai taɓa yi mini magana kai-tsaye ba. Ina zaune a gabansa zai juya ga na kusa ya ce, "A gaya wa mai allura shi matso inuwa." Shekarar da muka yi aure ɗiyarsa ta yi yaji, don na tafi rangadin allura wata guda ban aiko ko gaisuwa ba. Na je biko. Ya ce a gaya mini in aje sanda. Ni ɗan lekol ne, wato ɗan boko, ba ni da sanda, sai na zaro alƙalami daga aljihu na aje. Mutane suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Da shi yake kiwo. Ya isa." Aka kira ta, ya ce ta kawo muciyarta. Ta ƙi, ta ce ai shi ubanta ne, ya yanke kawai. Ya ce, "Cikin gida nike ubanki. Nan sai kin aje." Kwana biyu alƙalamina na kan tabarma, ni ina gidan Baffa ina jira. Rana ta uku ta fito ta jefa muciyar, har da tuwo a jikinta. Ya saurare mu, ya ba ta gaskiya, ya ce kuma a dama wa mai allura fura, ya rame. Tun daga ranar duk garin da na sauka sai na aika gida.

Saɓaninmu na farko a kan wani dillalin shanu ne, mai abin hannu. Da damina shanunsa suka faɗa gonar wata mata da mijinta ya rasu, suka cinye geron da ya fara fid da kai. Ta zo ta aje sandar mijinta. Shi ya zo ya tsaya da tasa a kafaɗa, ya ce gaban kumandan kaɗai yake tsayawa. Tsoho ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Raina ya ɓaci, na ce wa Baffa ya gaya masa kowa ya ga ɓarnar nan, shirunsa zalunci ne. Amsar ta dawo: "A gaya wa mai allura, hukuncin da mutum bai yarda da shi ba, da bulala ake cika shi. Ni ba ni da gardi. Shi jira rani." Ya buɗe rumbunsa ya aika wa matar da damman gero, sandar mijinta kuma ta ci gaba da zama a bakin tabarma.

Tabkuna suka ƙafe, dillali ya koro garkensa rijiya. Ba wanda ya tare shi, layinsa ma an ba shi daidai. Sai dai ba wanda ya kama masa igiya ya kora takarkari, ba wanda ya tari guga. Kowa ya zauna a inuwa yana kallo. Shi da makiyayinsa suka yi ta fama tun safe har azahar, shanu na kuka, rabinsu ba su sha ba. Rana ta uku ya zo gindin aduwa ya aje sanda. Shi ya fi kowa kuka a makokin nan, kuma kukansa na yarda da shi.

Yanzu sai in zo kan abin da ya kashe surukina.

Ɗan farinsa, yayan matata, shi ke kai garken gidan kudu da rani. Tsoho bai taɓa kama sunansa ba, yadda ake yi wa ɗan fari. "Wancan" yake ce masa. Rani uku da suka wuce rigima ta tashi a wata rijiya da ke daidai bakin iyaka, inda ƙasar Faransi ta haɗu da ta Ingilishi. A kan layin ruwa ne. Aka buge wani mutumin can a ka, bayan kwanaki ya cika. Mutanenmu da ke wurin sun rantse yayan matata yana can ƙarshen igiya yana korar takarkari lokacin da abin ya faru. Sauran suka watse, shi ya tsaya tattara garke, 'yan dokan can suka iske shi suka tafi da shi gidan kaso.

Shawarar Tsoho ita ce ya kwashi shaidu ya je gaban alƙalin can, ya kuma zauna da dangin mamacin. Ni na hana. Na ce mu talakawan Faransi ne, takarda ɗaya za a rubuta a karɓo shi. Ya ce, "A tambayi mai allura, takarda in ta tahi tana dawowa?" Na ce tana dawowa. Na nace, matata ta goyi bayana, har ya sakar mana. Na zauna na rubuta koke da Faransancin da ya fi kowane kyau a cikin abin da na koya, Tsoho ya dangwala yatsa. Ni na rubuta, ba wani ba.

Takardar ta hau sama har wurin gwamna. Abin da ya sauko shi ne, rijiyar nan a ƙasar Faransi take, don haka Ingilishi ba su da ikon kama kowa a bakinta. Ingilishi suka amsa cewa rijiyarsu ce. Lokacin da shaidunmu suka isa gaban alƙalin can, ya ce musu da sun zo da wuri da ya saurare su, amma yanzu magana ta bar hannunsa. Ba za a yi shari'a ba sai an san mai rijiya. Ba za a sake shi ba, don sakinsa yana nufin rijiyar ta Faransi ce. Faransi kuma ba za ta nemi a yi masa shari'a a can ba, don hakan yana nufin rijiyar ta Ingilishi ce. Mutum mai mata da 'ya'ya, suka mai da shi turken iyaka.

Da shekara ta zagayo Tsoho ya ce a kai shi bariki. Muka je Dakoro, shi da Baffa da ni. Kumandan ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo kujera. Tsoho ya zauna ƙasa. Tafinta ya tambayi sunan wanda ake magana a kansa. Tsoho ya dubi Baffa, Baffa ya dube ni, ni na faɗa.

Kumandan ya yi bayani mai tsawo. A ciki ya ce akwai wata babbar kotu can ƙasar Turawa da ke raba gardama tsakanin gwamnati da gwamnati. Sai dai ba ta kiran kowa. Sai in su biyun sun yarda sun kai kansu.

Na ga fuskar Tsoho ta washe, abin da rabona da gani tun da aka kama ɗansa. Ya ce, "Ashe su ma sun san sanda. To, sun aje?"

Kumandan ya ɗan yi dariya. Ya ce Faransi ba ta kai abin da yake nata gaban wani ya duba mata, Ingilishi ma haka suke cewa. Ballantana rijiya guda.

Tsoho ya ce, "In sun ƙi, wa ke ƙin kama musu igiya?"

Tafinta bai gane ba, sai da Baffa ya warware masa. Kumandan ya ɗaga kafaɗa ya ce ba kowa.

Tsoho ya juya ga tafinta. Sannan ya ce, "To a tambaye shi. Ranar da suka kafa tuta suka ce daga yau su ke yi muna shari'a, wa suka tambaya? Ni ban tuna na aje ba. Ubana ma bai ce mini ya aje ba. Su sai sun yarda ake yi musu, mu sai dai mu ji an yi."

Tafinta ya juya ya ce da Faransanci, tsohon yana godiya, yana roƙon a ƙara ƙoƙari. Ina jin Faransanci. Na ji abin da aka faɗa, na ji abin da aka mayar. Ina da aiki, ina da 'ya'ya. Na ci gaba da kallon takalmina.

Sai Tsoho ya miƙa hannu ya aje sandarsa a gaban teburin. Tsohuwar sanda ce ta mahaifinsa, ta yi baƙi da man shanu da hannu, an naɗe kanta da fata. Ya ce, "Ga tawa. Ni na yarda a yi. Ko naku, ko nasu, ko na can ƙasarku, duk wanda za shi yi. In wancan ya kashe a yanke mishi, in bai kashe ba a sako shi. Tawa tana nan har ku aje taku."

Tafinta ya ce, ya kawo maka kyauta.

Kumandan ya ɗauka ya jujjuya ta, ya yaba aikin fatar, ya yi godiya. Washegari gardi ya iske mu a masauki da kan sukari, tukuici. Sandar kuwa aka buga mata ƙusa biyu a bangon biro, wato ofishin kumandan, tsakanin wata garkuwa da wani takobi.

A hanyar komawa na kasa riƙewa. Na ce wa Baffa ya gaya masa ba a mayar da maganarsa ba, kuma ina ji na yi shiru. Raƙumansu na jere, Baffa ya faɗa. Tsoho bai waiwayo ba. Ya ce, "A gaya wa mai allura na sani, ina da ido. Shi riƙe aikinshi, jikokina na cin tuwo." Bai sake tayar da maganar ba, bai taɓa tuna mini da takardar ba. Duk zuwan da na yi bayan nan sai ya ce a gaya mini in matso inuwa. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar bai ƙara riƙe sanda ba. Mutane suka sassaƙo masa, dillalin nan ya kawo wata mai kyau daga kasuwa, matata har kuka ta yi masa. Ya ce mai rigima ba ya ɗauka sai an gama, shi ya kafa wa mutane haka shekara da shekaru, ba zai karya don abin ya zo kansa ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, yana tafiya cikin rairayi yana dafa zana, yana dafa bango, inda babu abin dafawa ya tsaya ya huta. Na sha ce wa kaina ai waɗanda ya aje wa ba su ma san an aje ba. Shi ma ya san haka.

Sau ɗaya ya je ya ga ɗansa. Baffa ne ya raka shi, shi ya ba ni labari. Aka fito da shi tsakar gidan kaso, suka zauna nesa da juna, kowa na kallon wani wuri. Suka yi maganar damina, da saniyar da ta haihu, da wadda ta mutu. Da za a mai da shi sai ya ce, "Baba, ina sandarka?" Tsoho ya ce, "Tana gaban shari'a." Baffa ya ce yaron ya sunkuyar da kai, har aka shige da shi bai ɗago ba.

A ƙarshen ranin bana ya je raba layi a rijiya, ƙafarsa ta zame a laka, ya faɗi a kan ƙugu. Mai ɗori ya yi abin da zai iya. Ganina da shi na ƙarshe, kafin in tafi rangadi, yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya ce da surukata, "A tambayi mai allura, sun aje?" Na ce tukuna. Ya ce, "To."

Tun ranar da muka je bariki an sake kumandan sau biyu. Wanda ya aiko da sukarin makoki bai taɓa ganin surukina ba, bai san abin da ke rataye a bayansa ba. Tafinta dai shi ne. Gwamnatocin biyu kuwa lafiyarsu lau. Na ji ma manyansu na ziyartar juna ana cin abinci. Ba mai ƙin kama musu igiya, kuma ba sa jin ƙishirwa.

Bayan sadakar bakwai na tsaya a bakin zana na ce wa surukata zan je in roƙo sandar, ko don jikoki. Ta ce, "Mai ita bai ɗauka ba, kai wa? Ka bar musu. Kai ma ka riƙa ganinta." Ina ganinta kuwa, duk ranar da na shiga biro karɓar takardar rangadi.

Na tambaya a bariki ko za a aika wa yayan matata da sanarwar rasuwa. Aka ce duk takardar da ta fita daga nan zuwa gidan kason can, kamar an yarda ne da tsaronsa, sai in jira. Ban sake rubuta komai ba. Baffa ya ce in an gama shuka zai je da ƙafarsa ya gaya masa. Ruwan shuka bai sauka ba tukuna. Har yau yayan matata bai san ubansa ya rasu ba, ba a yi masa shari'a ba, sandar kuma tana bango.